DAGA BAKIN ALLO: Kwamfutar da ta kasa gane gidansu

Mun san wasu daga cikinku suna jiran ci gaban maganar da muka faro a kan takardun haihuwa na yaranmu masu shiga jarrabawa, to sai ku yi mana haƙuri har wata mai zuwa, domin wani al'amari ya taso wanda muka ga bai kamata mu bar shi ya huce ba. Magana ce ta kwamfuta. Kada dattawanmu su juya shafi tun yanzu, domin in an bi ta a hankali za a ga magana ce ta baƙo da masauki, wadda kakanninmu fatake suka fi kowa sani.

Ana saura mako guda a koma lakwal a watan Satumba, ran wata Juma'a bayan sallar lisha, sai ga waya daga wani tsohon ɗalibinmu da muka koyar a aji shida a nan Partago. Yaron ya girma, ya koyi aikin kwamfuta a Paraku, har wata makaranta mai zaman kanta ta ba shi kwangilarsa ta farko, wato ya haɗa mata ɗakin kwamfuta. Na'urori goma sha biyar ne 'yan gwanjo, da kuma babba guda ɗaya wadda za ta shugabance su, duk da kuɗin da iyayen yara suka tara. Muryarsa na rawa ya ce, "Malam, na shiga uku. Kwana huɗu ke nan ko guda ɗaya ta ƙi shiga." Shugaban makarantar ya ba shi zuwa Litinin, in bai gama ba za a kira wani daga Kwatano, a cire kuɗin motarsa da na aikinsa daga ladan yaron. Shi kuwa mutumin Kwatano tun ta waya ya riga ya yanke hukunci, wai sai an goge komai an sake zubawa. Muka ce masa, "Ɗana, kada ka goge komai, kada ka sake taɓa komai, je ka kwanta. Gobe in Allah Ya kai mu muna nan tafe."

Mu dai ba injiniyoyi ba ne. A makarantar horon malamai alli da allo aka koya mana, kwamfuta kuwa da girmanmu muka koye ta, da dare, bayan mun gama gyaran littattafan yara. Amma akwai abu guda da shekarun aji suka koya mana: yawancin yaran da ke faɗuwa lissafi ba su karanta tambayar ba ne kafin su fara amsawa. Da wannan ɗan jarin muka hau mota da sassafe.

Bari mu fara da bayanin abin da yaron yake son yi. In kwamfutoci suna ɗaki guda kowace tana cin gashin kanta, to kowane malami sai ya tuna a wacce ya ajiye makin ɗalibansa, kuma duk yaron da ya zauna zai iya buɗe abin da ba nasa ba. Maganin wannan shi ne a haɗa su a ƙarƙashin shugabanci guda, abin da masu sana'ar ke kira domen. Babbar kwamfutar, wadda ake ce wa uwar garke, ita ke riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa, ita ke cewa wane ya shiga nan, wane kada ya shiga can. Kamfanin Microsoft ya fito da tsarinsa na wannan aiki, mai suna Active Directory, tare da Windows 2000, kuma shi ne za ka tarar a akasarin bankuna da ofisoshi. Kafin kowace kwamfuta ta zama 'yar gida, sai an kai ta gaban uwar garke an rubuta sunanta. A nan ne aikin yaron ya tsaya. Da zarar ya rubuta sunan domen ɗin ya danna, sai na'ura ta yi jim, ta fito da saƙo da Faransanci cewa ba a iya samun shugaban wannan domen ba, a duba ko an rubuta sunan daidai. Ya duba sunan ya fi sau ɗari. Daidai yake.

To a nan ne za mu koma ga kakanninmu. Kowa a zangunanmu ya ji labarin hanyar goro, yadda ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, su haye Kwara, su biyo ta Nikki da Paraku da Jugu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Falke in ya iso Jugu da jakunansa, ba ya bin gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Unguwar Wangara yake nufa, ya nemi wanda ya san unguwar, ya ce ina gidan maigida wane, mai saukar da mutanen Kano? A nuna masa. Suna yake riƙe da shi a kansa, amma suna ba ya kai mutum ƙofar gida sai an sami wanda zai mai da sunan ya zama kwatance. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne, amma da sharaɗin ya tambayi ɗan gari. Falken da ya tsaya a bakin kasuwar Jugu ya aika Kano a tambayo masa Sarkin Kano ina gidan maigidansa yake, zai kwana a waje, duk kuwa da cewa Sarkin Kano ya fi mai unguwa girma nesa ba kusa ba.

Haka kwamfuta take. Ita ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura a kan rezo tana da lambar gidanta, wadda ake kira adireshin IP, kamar a ce 192.168.1.10. Mu mutane kuwa ba ma iya riƙe irin waɗannan lambobi, shi ya sa ake sa wa na'urori sunaye, sa'an nan a naɗa mai fassara tsakanin suna da lamba. A farkon al'amari, can cikin shekarun 1970, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe a Amurka ba su da yawa, takarda guda ce tak ke ɗauke da sunayen duka, ana kiranta HOSTS.TXT. Wata mata mai suna Elizabeth Feinler da ma'aikatanta ne ke kula da ita a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, duk mai son a sa sunan na'urarsa sai ya tuntuɓe su, kowa kuma ya riƙa kwafo sabuwar takardar lokaci-lokaci. Kamar dai littafin kiran suna na aji ne. Aji guda littafi guda ya isa, amma ba mai hankalin da zai ce a rubuta ɗaliban ƙasa baki ɗaya a littafi ɗaya a hannun malami ɗaya. Da na'urori suka yi yawa, sai wani masani mai suna Paul Mockapetris ya ƙirƙiro sabon tsari a shekarar 1983, wanda ake kira DNS, inda aka rarraba littafin: kowane yanki ya riƙe sunayen mutanensa, ya kuma san wanda zai tura ka wurinsa in ka tambayi abin da ba nasa ba.

Misali, ranar da sakamakon CEP ko BEPC ya fito, ka rubuta eresultats.bj a wayarka hannunka na rawa. Wayar takan tambayi magatakardan kamfanin da ka sayi layinsa. In bai sani ba, sai ya tambayi manyan tushe na duniya, waɗanda ke da sunaye goma sha uku daga A zuwa M. Su ba su san sakamakon ɗanka ba, abin da suka sani shi ne wanda ke riƙe da littafin .bj, wato na ƙasarmu Benin, wanda aka buɗe a 1996, jim kaɗan bayan an haɗa ƙasar da intanet albarkacin taron ƙasashe masu magana da Faransanci da aka yi a Kwatano a watan Disamba na 1995. Mai littafin .bj ya nuna na gaba, na gaba ya ba da lamba. Duk wannan kai-komo kafin ka ƙifta ido.

Da muka isa muka tarar da yaron idanunsa sun yi ja. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne intanet na aiki sumul a kan dukkan na'urorin. Ya buɗe mana shafuka biyu uku don mu gani, ya ce, "Malam, ka gani, rezo lafiya lau yake." Muka ce ai wannan lafiyar ita ce ta rufe maka ido. Muka sa shi ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta ping 192.168.1.10, wato ya yi wa uwar garke sallama da lambarta. Ta amsa sau huɗu cur. Wannan ya nuna wayoyi a haɗe suke, hanya a buɗe take, ba ruwan mai sayar da kebul da ya riga ya fara zagi a ransa. Sa'an nan muka ce ya yi mata sallama da cikakken sunanta. Shiru, wai ba a san mai wannan suna ba. Duk lokacin da lamba ta amsa suna ya ƙi amsawa, to a daina duban waya da soket, ciwon yana wurin mai fassara.

Umarni na gaba shi ne ipconfig /all. Rubutu mai yawa zai zubo, amma layi guda ake nema, wanda a na'urorinmu masu Faransanci aka rubuta Serveurs DNS. Wannan layi shi ke faɗin wanda kwamfutar ke tambaya in tana neman gidan wani. Muka ce ya karanta da ƙarfi kamar yadda muke sa su a aji. Ya karanta: 192.168.1.1. Muka ce wane ne wannan? Ya ce akwatin intanet ne, ɗan farin nan mai ƙahoni da ke kan taga. Muka je na'ura ta biyu, nan kuma 8.8.8.8 muka tarar, wanda mai gwanjon ya sa da hannunsa tun kafin ya sayar. Wannan lamba ta kamfanin Google ce, ya buɗe ta ga kowa da kowa a watan Disamba na 2009, kuma yaranmu masu gyaran waya sun ɗauke ta kamar maganin kowace cuta. A gaskiya magatakarda ne mai sauri, ya san sunayen duniya kaf. Amma sunan da yaron ya raɗa wa domen ɗinsa a wani ɗaki a Paraku, lakwal.local, ba a rubuta shi a littafin kowa ba sai a cikin uwar garken da ke gefensa, taku uku daga inda yake zaune. Akwatin intanet shi ma ba abin da ya sani, ɗan aike ne kawai, duk abin da aka tambaye shi sai ya miƙa wa kamfanin waya. Ashe kwana huɗu na'urorin nan suna aikawa Kano.

Yaron ya yi shiru, can ya ce shi fa ya gwada wata dabara da ya gani, ya rubuta sunan uwar garke da lambarta a cikin ɗan fayil ɗin nan mai suna hosts a na'ura guda, kuma duk da haka ta ƙi. Wannan fayil jikan takardar Elizabeth Feinler ne, har yau yana nan ɓoye a cikin kowace Windows. Dalilin da dabarar ba ta ci ba yana da ban sha'awa, kuma shi ne ainihin abin da muke so masu koyon wannan sana'a su riƙe. Kwamfutar da ke son shiga domen ba ta tambayar ina gidan wane. Ba ta ma san sunan wanen ba. Tambayarta ita ce, wane ne maigida a wannan unguwa? Tambayar muƙami ce, kuma amsarta tana cikin wani irin rubutu na musamman a littafin DNS da ake kira SRV, wanda uwar garke ke rubuta wa kanta ranar da aka naɗa ta. Fayil ɗin hosts kuwa suna da lamba kawai yake ɗauka, ba shi da gurbin muƙami. Mai son ya gani da idonsa sai ya rubuta nslookup -type=SRV _ldap._tcp.dc._msdcs. ya liƙa sunan domen ɗinsa a ƙarshe. In al'amura na daidai, za a ba shi sunan uwar garke da lambar ƙofa 389. In aka ce babu, ya dubi layin farko na amsar, domin a nan nslookup ke faɗin wanda ya tambaya.

Har ila yau, a ƙarƙashin saƙon ƙin nan akwai wani maɓalli na ƙarin bayani da kusan ba mai dannawa. In ka danna ka ga 0x0000232B, ma'anarsa an tambaya an ce babu mai wannan suna, wato galibi ba ɗan gari aka tambaya ba. In kuwa 0x000005B4 ka gani, an yi sallama ne ba a amsa ba har lokaci ya ƙure, sai a duba ko uwar garke a kunne take, ko kuwa katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 53 wadda DNS ke bi. Na'ura ta yi ta faɗa wa yaron ciwonta tun ran Talata.

Gyaran kansa bai kai minti biyu ba. A na'ura ta farko aka share lambar akwati aka sa 192.168.1.10 a gurbin DNS. Amma da yake ba a son a riƙa bin na'urori ɗaya bayan ɗaya har abada, sai aka koma ga mai rabon lambobi, wanda ake kira DHCP. A ɗakin nan masu rabo biyu muka tarar, akwatin intanet yana rabawa, uwar garke ma tana rabawa, kowace na'ura ta karɓi na wanda ya riga amsa mata. Aka kashe rabon akwati aka bar na uwar garke. Ita kanta uwar garken aka tabbatar lambarta kafaffiya ce ba mai sauyawa ba, kuma kanta take tambaya, sa'an nan aka nuna mata inda za ta miƙa tambayoyin waje. A nan ne 8.8.8.8 ke da amfani: 'yan gida su tambayi maigida, maigida in abin ya fi ƙarfinsa ya aika waje. A kuma lura, wasu akwatunan zamani suna cusa kansu ta wata sabuwar hanyar lambobi da ake kira IPv6, har su sha gaban abin da ka rubuta, saboda haka bayan gyara a sake duba wanda nslookup ke ambata.

Yaron da ya ga haske sai ya so ya yi wayo. Ya ce tunda gurbi biyu ne, bari ya sa uwar garke a na farko, Google a na biyu, don in ɗaya ya faɗi ɗaya ya tashi. Muka riƙe hannunsa. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu ɗan sani, kuma a ƙasa irin tamu da ake ɗauke wuta ya fi muni. In wuta ta dawo, ƙananan na'urori sukan riga uwar garke farkawa, domin ita tana da nauyin jiki. Su yi mata sallama su ji shiru, sai su koma ga na biyu, kuma sukan ɗan zauna a wurinsa ko bayan ta farka. Shi kuma na biyun in ya ce babu mai wannan suna, Windows ba ta neman ra'ayin wani, ta karɓa ke nan. Sakamakon shi ne irin ciwon nan mai zuwa ya tafi, yau malami ya shiga gobe ya kasa, har a fara cewa ɗakin yana da aljanu. Gurbi na biyu na uwar garke ta biyu ne, in makaranta na da halin sayenta. In babu, a bar shi fayau.

Muka sake gwadawa, sai ta sake ƙi. Yaron ya dube mu, mu ma gabanmu ya ɗan faɗi, ba za mu ɓoye muku ba. Ashe na'ura tana da riƙo. Amsar da aka ba ta ɗazu, cewa babu wannan suna, ta ajiye ta a ƙwaƙwalwa na wasu mintoci don kada ta riƙa maimaita tambaya. Duk wanda ya sha wahalar ranar 30 ga Nuwamba 2024, lokacin da lambobin wayar ƙasarmu suka tashi daga takwas zuwa goma aka ƙara 01 a gaba, ya san wannan ciwo: mutum yana nan, layinsa yana nan, amma abin da ke rubuce a wayarka tsoho ne. Umarnin ipconfig /flushdns shi ke wanke wannan ƙwaƙwalwa. Aka rubuta, aka sake danna maɓalli, sai ga akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, bayansa kuma saƙon barka da zuwa. Yaron ya tashi tsaye yana ta hamdala, har mai gadi ya leƙo.

Goma sha ɗaya suka shiga a jere kafin azahar. Huɗun da suka rage kowace da nata hali, kuma ba duka ne laifin suna ba. Biyu daga cikinsu mai gwanjo ya zuba musu Windows daga kwafi guda, don haka sunansu guda da wata wadda ta riga ta shiga. Mu da muke da Musa uku a aji ɗaya mun san yadda ake yi, akwai Musa Dogo da Musa Ƙarami da Musa na Hajiya. Aka sake musu suna. Shawararmu ga mai raɗa wa na'ura suna ita ce kada ya wuce harafi goma sha biyar, kada ya bar fili a tsakani, kuma ya haƙura da haruffanmu masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ, haka ma wasulan Faransanci masu hula, ko da yake abin yana mana ciwo mu da muke fama da yara su riƙa rubuta su.

Ta uku ita ce ta fi ba mu dariya daga baya. Agogonta yana nuna lokaci daidai da na hannunmu, amma ta ƙi amincewa da kalmar sirri. Tsarin tantancewar da domen ke aiki da shi, mai suna Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, ba ya yarda agogon baƙo da na maigida su saɓa da fiye da minti biyar, don kada ɓarawo ya ɗauki tsohuwar takardar izini ya sake shiga da ita. To wannan na'ura daga Faransa ta zo, kuma a cikinta har yanzu tana ganin a birnin Paris take. A watan Satumba Faransa tana gabanmu da awa guda, sai ƙarshen Oktoba suke komowa daidai da mu. Wani ya gyara agogon da hannu ya dace da namu bai sauya yankin ba, saboda haka a lissafin duniya tana baya da awa guda cif. Masu sayo na'urori daga Lome ko Kara su ma su kula, domin Togo tana bayanmu da awa guda. In kuwa agogo yana komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe na'ura, ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kafin mu tashi mun ja kunnen yaron a kan sunan da ya zaɓa. Ƙarshen nan na .local tsofaffin littattafai sun yi ta koyar da shi, amma tun 2013 aka keɓe shi ga wani aiki dabam, wanda na'urorin Apple da Linux da injinan buga takarda ke amfani da shi wajen gane juna, don haka yakan jawo rikici in irin waɗannan suka shigo ɗaki. Nasa ya riga ya kafu, muka ce ya bar shi, domin sauya sunan domen bayan an gina shi aiki ne ja. Amma a kwangila ta gaba, ko dai makaranta ta yi rajistar suna nata na kanta a ƙarƙashin .bj a yanki reshe daga ciki, ko kuwa a yi amfani da .internal, wanda hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta keɓe don amfanin cikin gida a 2024. Abin da ba a yi shi ne ɗaukar sunan da wani ya mallaka a duniya don ya yi maka daɗin ji.

Shugaban makarantar, da ya iso da la'asar, ya yi tambaya mai ma'ana. Ya ce, yanzu in intanet ya yanke, ɗakin ya mutu ke nan? Muka tuna masa ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen yankinmu har da Benin suka shiga duhu, 'yan kasuwa suka rasa yadda za su tura kuɗi. A irin wannan rana, ɗakin da littafin sunayensa ke cikin gida zai ci gaba da aiki, malamai su shiga su rubuta maki, shafukan waje kawai za a rasa. Kada kuma ya ɗauka ƙananan mutane ne kaɗai suna ke kayarwa. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga duniya na kimanin awa shida, domin wani kuskure a cikin gidansu ya datse hanyar zuwa ga masu riƙe da littafin sunayensu. Na'urorinsu suna nan a kunne, amma ba mai iya nuna ƙofar.

Saura ta goma sha biyar. Ita wannan ko gurbin rubuta sunan domen ba ta bari a taɓa, ya dushe. Da muka duba sai muka ga irin Windows ɗin da ke kanta shi ne na gida, wanda ake rubuta wa Famille, kuma wannan iri ba ya shiga domen ko da DNS ɗinka ya fi na kowa kyau, sai mai suna Professionnel ko Entreprise ko Éducation. Wannan ba gyaran yaron ba ne, magana ce ta kuɗin lasisi, kuma mai gwanjon ya karɓi kuɗinta daidai da na sauran. Shugaban ya ce zai kai maganar gaban ƙungiyar iyaye a zamansu na farko, su ga ko za a mayar da ita ko za a cika kuɗin. Yaron ya karɓi ladansa cikakke ran Litinin, ya aiko mana da goro ƙwarya guda ta hannun direban Jugu. Na'urar tana nan a kusurwa an lulluɓe ta da zane, yara goma sha huɗu suna zaune a gaban nasu, na goma sha biyar yana leƙen na maƙwabcinsa.